Iyakar memori a cgroup: abin da ya kamata takardar bayaninku ta ƙunsa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da sabobin wani ƙaramin kamfani, dukansu Linux ne. An umarce ni in rubuta wa sauran ma'aikata takardar bayani kan iyakar memori da muke sa wa manhajojinmu, saboda sau da yawa wata manhaja kan mutu cikin dare, da safe mu tarar da lamba 137, kowa ya ce ba daga wajensa ba ne. Na leƙa cikin /sys/fs/cgroup na ga memory.max, memory.high, memory.low da memory.min, amma bayanan da nake samu a intanet suna ta maganar memory.limit_in_bytes, wanda ban gani ba sam. Mene ne bambancinsu, kuma yaya zan rubuta bayanin yadda wanda bai san kanel ba zai fahimta?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya a haɗe: aikin da waɗannan fayiloli suke yi, da kuma abin da za ka rubuta a kansu. Bari in faɗa maka matsayina tun yanzu. Takardar da ta jera sunayen fayiloli da lambobin da aka sa musu kawai ba za ta amfani wanda aka tasa daga barci ƙarfe uku na dare ba. Shi abin da yake so ya sani shi ne me zai sami manhajarsa idan ta kai wannan lambar, kuma ina zai duba ya tabbatar hakan ne ya faru. Duk lambar da ka rubuta, ka bi ta da waɗannan amsoshi biyu.

Me ya sa ba ka ga memory.limit_in_bytes ba

Shi cgroup hanya ce da kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin mai raba wa manhajoji memori, yake tara ayyuka masu gudana rukuni-rukuni, ya ƙidaya abin da kowane rukuni yake ci, ya kuma iya taƙaita masa. Injiniyoyin Google biyu, Paul Menage da Rohit Seth, su suka fara aikin a 2006, ya shiga kanel 2.6.24 a farkon 2008, sashen memori ya biyo baya a 2.6.25. Wannan shi ne zubi na farko, kuma a cikinsa ne ake da memory.limit_in_bytes da memory.soft_limit_in_bytes. Daga baya Tejun Heo ya jagoranci sake gina tsarin, aka tabbatar da zubi na biyu a kanel 4.5 cikin 2016. Cikin nau'o'in Linux, Fedora 31 ta koma kansa a 2019, Debian 11 da Ubuntu 21.10 a 2021, RHEL 9 a 2022. Tunda memory.max ka gani, sabarka tana kan zubi na biyu, bayanan da kake karantawa kuwa na farko suke nufi.

Don haka layin farko na takardarka ya faɗi zubin da kuke kai da lambar kanel ɗinku. Umarnin stat -fc %T /sys/fs/cgroup zai ba ka cgroup2fs idan zubi na biyu ne, uname -r kuma ya ba ka lambar kanel. Lambar tana da muhimmanci domin fayilolin ba rana ɗaya suka zo ba: memory.min ya shigo a 4.18, memory.oom.group a 4.19, memory.peak da memory.reclaim sai a 5.19. Idan kuna da tsohuwar saba a gefe, abokin aikinka zai nemi fayil ya rasa, ya zaci wani abu ya lalace.

Kada kuma ka rubuta cewa memory.max sabon suna ne kawai na tsohon fayil. Halinsu ya sha bamban a wuri biyu masu cizo. A zubi na farko, idan ka yi ƙoƙarin saukar da iyaka ƙasa da abin da rukunin yake riƙe da shi, kanel ya kasa ƙwato bambancin, sai ya ƙi karɓar sabuwar lambar, babu wanda ya mutu. A zubi na biyu zai karɓa, ya yi ta ƙwato, in bai isa ba ya fara kashe ayyuka har sai an sauko. Wato rubuta ƙaramar lamba cikin memory.max a kan manhajar da ke aiki kan iya kashe ta nan take. Na biyu, tsohon memory.memsw.limit_in_bytes jimillar memori da suwaf (wurin da ke diski inda ake kwashe abin da ke memori idan ya cika) yake ƙidayawa, shi kuwa memory.swap.max suwaf kaɗai. Wanda ya kwafi tsohuwar lamba ya zuba a sabon fayil ya ba manhajar suwaf fiye da yadda ya yi niyya.

Me ake ƙidayawa, kuma a kan wa

Wannan sashe ne na fi ganin ana tsallakewa, alhali daga nan rabin gardama take tasowa. Mai manhaja zai ce tasa megabait 400 kawai take ci, kai kuma ka ga memory.current yana nuna gigabait biyu. Dukanku gaskiya kuka faɗa. Shi yana kallon memorin da manhajar ta nema da kanta, wanda memory.stat yake kira anon. Kanel kuwa, wanda yake raba memori gutsure-gutsure da ake kira shafuka, yana haɗawa da shafukan fayilolin da aka karanta ko aka rubuta ya ajiye su a memori don kada a sake komawa diski, da abin da shi kansa ya kashe a madadin rukunin, irin teburan shafuka da ma'ajin haɗin sadarwa.

Bambancin waɗannan nau'o'i shi ke yanke hukunci idan an matsu. Shafin fayil da ba a sauya ba kanel zai iya jefar da shi nan take, tunda asalinsa yana diski. Wanda aka sauya sai an rubuta shi tukuna. Anon kuwa ba shi da wurin zuwa sai suwaf, in babu suwaf babu yadda za a yi da shi. Akwai kuma tarko ɗaya: fayilolin da aka ajiye a tmpfs, wato ma'ajin fayil da ke zaune cikin memori, kamar /dev/shm, ana lissafa su cikin file a memory.stat, amma ba su da asali a diski, saboda haka ba sa jefuwa. Layin shmem ne zai nuna maka su. Ka rubuta ƙarara cewa ganin memory.current ya matso kusa da iyaka ba shi ne alamar haɗari ba, domin Linux da gangan yake cika memorin da ke zaune da shafukan fayil. Abin dubawa shi ne nawa ne daga ciki ba zai jefu ba.

Sai batun wanda ake ɗora wa lissafi. Rukunin da ya fara taɓa shafi shi ake rubuta wa, kuma lissafin yana nan a kansa har a saki shafin. Idan ka ɗauke aiki daga wani rukuni ka kai shi wani, memorin da ya riga ya ci ba ya bin sa, sai wanda zai ci nan gaba. Haka idan manhajoji biyu suna karanta fayil ɗaya, ba a raba musu lissafi biyu, ɗaya ce take ɗauka, kuma ba abin dogaro ba ne wace ce. Shi ya sa nake sa a fara manhaja tun farko a cikin rukuninta, maimakon a tashe ta a waje sannan a tura ta ciki.

Lambobi huɗu

Biyu daga cikinsu iyaka ne daga sama, biyu kariya ne daga ƙasa. Idan ka raba su haka a takardarka, mai karatu ya samu rabin fahimta.

Fayil ɗin memory.max shi ne iyakar ƙarshe. Idan rukuni ya kai ta, kanel zai fara ƙwato abin da zai iya a cikin rukunin. In ya kasa, sai ya kira makashin OOM, wato sashen kanel da ke kashe aiki idan memori ya ƙare, a cikin wannan rukunin kaɗai, ko da sauran sabar tana da memori a zube. Makashin yana zaɓen aikin da ya fi ci, bayan an yi la'akari da oom_score_adj, lambar da ke tsakanin -1000 da 1000, inda -1000 ke nufin kada a taɓa shi. Aiki ɗaya yake kashewa, ba duk rukunin ba, kuma wannan kan bar manhaja a gurgunce: an kashe mata wani sashe, sauran suna jiran amsar da ba za ta zo ba. Idan manhajarku irin wannan ce, sa 1 a memory.oom.group zai sa a kashe su gaba ɗaya, a sake tayar da ita lafiya.

Shi memory.high wani abu ne daban. Idan max katanga ce, high linzami ne: ba ya hana doki tafiya, ja yake yi. Rukunin da ya haura high ba a kashe masa kowa. Ana tilasta wa ayyukansa su tsaya su yi aikin ƙwato memori da kansu kafin su ci gaba, kuma tun kanel 5.4 ana ƙara musu jinkiri na gangan wanda yake ƙaruwa gwargwadon yadda suka yi nisa da lambar, har ya kai daƙiƙa biyu a karo ɗaya. Takardun kanel da kansu, a fayil ɗin Documentation/admin-guide/cgroup-v2.rst, sun daɗe suna ɗaukar high a matsayin babbar hanyar sarrafa cin memori, max kuma kariyar ƙarshe, kafin a gyara bayanin a 2023. Na yarda da wannan, amma da sharaɗi wanda dole ya shiga takardarka. An tsara high ne a kan cewa akwai mai sa ido, mutum ko manhaja irin systemd-oomd, wanda zai lura rukuni ya shiga matsi ya ɗauki mataki. Idan babu mai kallo, babu suwaf, kuma manhajar tana da ɗigon memori, wato tana ta ci ba ta saki, to za ta haura high ta maƙale a can tana rarrafe, ba ta mutu ba balle a sake tayar da ita, ba ta kuma amsa wa kowa. Ga shafin intanet da jama'a ke jira, mutuwa ta daƙiƙa biyar a sake tashi ta fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Na sha tarar da wannan a wuraren da aka kira ni in duba sabar da "ta yi sanyi ba dalili", kuma kusan kullum wani ne ya sa high ya tafi abinsa.

Su kuwa memory.low da memory.min ba sa hana rukuni ci, hana a ƙwace masa suke yi. Idan memori ya yi ƙaranci a sabar, kanel zai bar rukunin da ke ƙasa da low ɗinsa ya je ya ƙwato daga marasa kariya, sai in ya rasa a can ne zai dawo kansa. Min ba shi da wannan sassaucin: abin da ke ƙasa da shi ba a taɓa shi ko ta halin ƙaƙa, in an rasa wani wuri sai makashin OOM ya shigo. Ni low nake fara ba rumbun bayanai. Min sai ga ƙananan abubuwan da in sun tafi ba ka da hanyar shiga sabar ka gyara, kamar sshd, manhajar shiga saba daga nesa, kuma da ƙaramar lamba. Kariya ba ajiya ba ce, wannan ma ka rubuta. Sa low na gigabait uku bai keɓe gigabait uku ya ajiye ba, abin da rukunin ya riga ya riƙe ne kaɗai ake karewa.

Rukunan suna da iyaye da 'ya'ya, kuma wannan yana shafar lambobin duka. Ɗa ba ya wuce iyakar uwarsa komai girman lambar da aka sa masa. Kariya ma haka: idan matsin na sabar ce gaba ɗaya, low ɗin ɗa ba ya aiki fiye da abin da uwarsa ta samu. A nan mutane da yawa suke faɗawa, domin systemd, mai tayar da manhajoji a Linux, yana zuba su ƙarƙashin rukunin system.slice, wanda low ɗinsa sifili ne in ba a sa masa ba. Sai ka ga an rubuta wa rumbun bayanai kariya mai kyau, alhali ba ta kare komai. Idan kuma kariyar 'ya'ya ta haɗu ta fi ta uwa, ana raba ta uwar tsakaninsu gwargwadon abin da kowa yake riƙe da shi a cikin kariyarsa.

Lamba 137 da inda ake duba gaskiya

Lambar 137 ita ce 128 a tara da 9, kuma 9 ita ce siginar SIGKILL. Abin da take faɗa kawai shi ne an kashe aikin da ƙarfi. Ba ta faɗi wanda ya kashe ba. Makashin OOM na rukuni zai iya, na sabar gaba ɗaya zai iya, Docker (mai gudanar da manhaja a keɓe cikin abin da ake kira kwantena) ko systemd ma suna aika wannan siginar ga manhajar da aka ce ta tsaya ta ƙi tsayawa cikin lokaci. Saboda haka takardarka ta hana mutane yanke hukunci da 137 kaɗai.

Shaida tana wuri biyu. A rajistar kanel, wadda journalctl -k yake nunawa, saƙon da ya fara da "Memory cgroup out of memory" yana nufin iyakar rukuni ce aka kai, wanda kuma ya fara da "Out of memory" kawai yana nufin sabar ce ta ƙare. Maganinsu ba ɗaya ba ne: na farko lambarku ce ko manhajarku, na biyu kun ɗora wa sabar fiye da ƙarfinta. Wuri na biyu shi ne memory.events, mai ƙidaya sau nawa aka matsa wa rukuni saboda high, sau nawa ya bugi max, da ayyuka nawa aka kashe a layin oom_kill. Layin max yana iya hawa dubbai ba wanda ya mutu, domin kowane karo kanel ya jefar da shafukan fayil ya samu wuri. Ka tuna kuma fayil ɗin yana tafiya da rukuninsa: in an sake tayar da manhaja aka gina mata sabon rukuni, ƙidayar ta koma sifili, sai dai ka duba na uwar ko rajista.

Fayil ɗin da na fi amincewa da shi shi ne memory.pressure, wanda ya zo da aikin Johannes Weiner na Facebook a kanel 4.20. Ba yawan memori yake aunawa ba, lokacin da aka ɓata ana jiran memori yake aunawa. Layin some kason lokacin da aƙalla aiki ɗaya ya tsaya jira ne, layin full kuma lokacin da duk masu son aiki suka tsaya, a matsakaicin daƙiƙa 10, 60 da 300. Rukunin da ya cika iyakarsa fal amma matsinsa sifili ne lafiyarsa ƙalau. Wanda full ɗinsa ke hawa yana wahala, ko da bai taɓa mutuwa ba.

Yadda zan tsara takardar

Ka rubuta ta da harshen kayan aikin da kuke taɓawa, sannan ka nuna fayil ɗin da kowanne yake rubutawa. Idan systemd ne ke tayar da manhajojinku, MemoryMax, MemoryHigh, MemoryLow, MemoryMin da MemorySwapMax su ne ƙofar, kuma ka hana kowa rubuta lamba kai tsaye cikin /sys/fs/cgroup, domin ba ta tsira daga sake kunna saba, kuma systemd na iya mayar da tasa a kai. Idan Docker ne, --memory shi ke zama memory.max, --memory-swap kuwa har yanzu jimillar memori da suwaf yake nufi, irin tsohon lissafi. Ka faɗi cewa ana karɓar K, M da G, kalmar max tana nufin babu iyaka, kuma lambar da aka karanto tana iya ɗan bambanta da wadda aka rubuta saboda ana daidaita ta da girman shafi, wanda bait 4096 ne a yawancin sabobi.

Bayan wannan, kowace manhaja ta samu ɗan sakin layinta. Misali: manhajar shafinmu tana da high 1500M da max 2G, in ta wuce na farko za ta yi nauyi, layin high a memory.events zai hau. In ta kai na biyu za a kashe ta gaba ɗaya a sake tayar da ita. An zaɓi lambar ne daga abin da aka auna a ranar da aka fi cunkoso. Wanda zai canza ta ya nemi wane. Dalilin lamba shi ne abin da ya fi saurin ɓacewa. Bayan shekara guda ba wanda zai tuna ko 2G aunawa aka yi ko cinta aka yi, sai kowa ya ji tsoron taɓa ta.

Ka ƙara gargaɗi ɗaya ga masu rubuta manhaja. Umarnin free da fayil ɗin /proc/meminfo memorin sabar gaba ɗaya suke nunawa, ko daga cikin kwantena. Manhajar da take auna kanta da su za ta zaci tana da gigabait 16 alhali biyu aka ba ta. Java ta koyi karanta iyakar kwantena a siga ta 10, zubi na biyu na cgroup kuwa sai a siga ta 15, daga baya aka mayar da gyaran cikin sabuntawar 11 da 8. Tsohuwar Java a kan sabuwar saba tana iya kasa ganin iyakar sam. Ga irin waɗannan manhajoji, iyakar cikin gida da aka sa musu ta kasance ƙasa da memory.max da tazara mai kyau, domin ba ita kaɗai ake ƙidayawa ba.

Kafin ka raba takardar, gwada kowace jimla da ta ce "zai faru". A kan sabar gwaji, systemd-run --scope -p MemoryMax=200M -p MemorySwapMax=0 tare da ƙaramin shirin da ke ta cin memori zai nuna maka kisan da idonka. Ka sauya zuwa MemoryHigh ka ga rarrafen. Ka kwafi ainihin saƙon da rajistarku ta fitar ka sa a takardar, domin shi abokin aikinka zai nema cikin dare.

Lambobin kansu ba zan iya yanke maka su daga nan ba, sun dogara da abin da manhajojinku suke yi da kuma ko kuna da suwaf. Hanyar da nake bi ita ce in bar manhaja ta yi aiki ba iyaka har ta ratsa lokacin cunkosonta mafi tsanani, kamar ƙarshen wata in ta biyan albashi ce, ina tara anon, shmem da memory.peak. Daga nan in sa max sama da ƙololuwar da tazara, in sa high tsakaninsu idan akwai mai sa ido, sannan in riƙa saukar da high kaɗan-kaɗan ina kallon memory.pressure. Inda matsi ya fara tashi, nan ne ainihin buƙatar manhajar, sai in koma baya taki ɗaya in rubuta lambar tare da ranar da aka auna ta da lambar kanel ɗin da aka auna a kai.